Odita a Bakin Sito

Duk wanda ya saba bin titin Lafiya zuwa Akwanga ya san Shabu, garin da ake tararwa jim kaɗan bayan an baro Lafiya an nufi arewa, inda Jami'ar Jihar Nasarawa ta Keffi ta kafa tsangayarta ta aikin gona. Ƙasar noma ce gaba da baya. Idan watan Disamba ya kama, amfanin gona ya riga ya baro daji ya shigo gari: shanshera, riɗi, masara, agushi, ga doya tuli. Mai kuɗi na saye yana tarawa, sito ya cika har bakin ƙofa, leburori ba sa samun zama. A tsakiyar wannan hada-hada ne ranar 31 ga wata ke zuwa, ranar da mafi yawan kamfanoni ke rufe littafin shekara, a ce wa mai sito ya faɗi buhu nawa gare shi, kuma nawa ne kuɗinsu.

Akwai mutum guda da aikinsa ke nan ya tabbatar wa banki da hukumar haraji da masu jari cewa adadin da aka rubuta gaskiya ne. Shi ne odita, mai binciken asusu da ake kirawa daga waje. Mutane sun fi saninsa a ofis, ya duƙufa kan kwamfuta. Ni kuwa inda gwanintarsa ke burge ni ita ce ranar da ya sa tsohon takalmi ya yi sammako zuwa sito, ya wuni cikin ƙura da ƙaiƙayi yana bin buhuna, ya fito da 'yan takardun da wani zai iya dogara da su bayan shekaru.

Dalilin da ya sa kayan sito ke cin wannan wahala yana cikin yadda ake fitar da riba. A ɗauki kayan da aka shigo shekara da su, a haɗa da waɗanda aka saya, a cire waɗanda suka rage a ƙarshe. Abin da ya saura shi ne kuɗin kayan da aka sayar, shi ake cirewa daga ciniki a ga riba. Don haka duk nairar da aka ƙara a kan ragowar kaya, naira ce aka ƙara a riba ba tare da an sayar da ko mudu ɗaya ba. Mu ƙaddara wani ya rubuta buhu 200 na riɗi da babu su, kowanne a kan naira 100,000. Ribar shekara ta kumbura da naira miliyan 20 a takarda. Da wannan takarda za a ci bashin banki, da ita za a raba wa masu jari abin da ake kira riba alhali uwar kuɗi ake gutsura. Kuma ragowar bana ita ce mafarin baɗi, saboda haka wanda ya yi ƙari bana sai ya sake yin irinsa ko wanda ya fi shi baɗi kafin asirinsa ya rufu. Kuɗin da ke banki, wasiƙa ɗaya ta isa a tabbatar da su. Buhu kuwa sai an taka an je, gani ya kori ji.

An daɗe ba a ɗora wa odita wannan zuwan ba. A 1896 kotun ɗaukaka ƙara a Ingila ta yanke hukunci a shari'ar masaƙar Kingston Cotton Mill, inda manaja ya yi shekaru yana kumbura auduga da zaren da ke sito a takarda, masu bincike kuma suna karɓar shaidarsa da sa hannunsa. Kotu ta wanke su, ta ce ƙirga kaya ba aikinsu ba ne. Aka tafi a haka fiye da shekara arba'in, har 1938 da asirin kamfanin magunguna na McKesson & Robbins ya tonu a Amurka. Shugabansa, Philip Musica, wanda ya fake da sunan F. Donald Coster, ya ƙirƙiri kadarorin ƙarya na kusan dala miliyan 19, wajen miliyan 10 daga ciki kaya ne da aka ce suna ajiye a Kanada. Kayan babu su, takardunsu kuwa tsaf. Masu binciken Price Waterhouse sun gwama takarda da takarda sun ga sun dace, ba wanda ya je ya gani. A 1939 ƙungiyar akantocin Amurka ta shigar da halartar ƙidaya cikin ƙa'idojin aiki. A yau ƙa'idar duniya mai lamba ISA 501, wadda 'yan ƙungiyoyin akantoci na ICAN da ANAN ke aiki da ita a Nijeriya, ta ce muddin kayan sito na da nauyi a asusun kamfani, odita ya je da ƙafarsa. Idan zuwan ba zai yiwu ba ya nemo wata hujja mai ƙarfi, idan ya rasa ya faɗa a rahotonsa.

Abu na farko da mutane kan kasa ganewa shi ne, odita ba shi ne mai ƙidaya ba. Ƙidaya ta masu kamfani ce, su ke da kaya, su ke da alhakin sanin adadinsu. Shi ya zo ne ya ga ko hanyar da suka bi abin dogara ce, ya kuma gwada sakamakonsu. Tun kafin ranar zai nemi tsarin a rubuce: wa zai ƙirga, wa zai rubuta, za a rufe ƙofa ko motoci za su ci gaba da shiga da fita. Ba ya yarda sitokifa ya ƙirga kayan da ke hannunsa shi kaɗai. Ko da mutumin kirki ne, wanda ya shekara yana cika katin sito idonsa ya riga ya san adadin da ya kamata ya gani, kuma sau da yawa shi zai gani. Shi ya sa ake haɗa mutum biyu-biyu, ɗaya daga wani sashe dabam, a ba su takardar da ba ta ɗauke da adadin da ke littafi. Takardun na da lamba a jere, da biro ake cika su. Kafin ya bar wurin odita zai rubuta lambar farko da ta ƙarshe, da waɗanda aka ɓata, da waɗanda ba a taɓa ba, ya ɗauki hoton cikakkun, don kada wata takarda ta tsiro bayan kwana uku.

Mu shiga sito mu tsaya kusa da shi. Ga jibgin masara, buhu 20 a tsawo, 10 a faɗi, hawa 12. Masu ƙidaya sun ninka sun sami 2,400, sun yi alama da alli sun wuce. Odita ya zagaya jibgin har bayansa, ya matsa ta tsakanin buhu da bango, sannan ya ce a kawo tsani. Daga sama ake ganin ko hawan ƙarshe ya cika. Jibgi mai bango huɗu cikakku na iya zama fanko a tsakiya: a bar gurbin buhu 8 a tsawo, 4 a faɗi, hawa 6, a shimfiɗa katako a rufe da buhuna, buhu 192 ke nan babu su, wanda ke tsaye a ƙasa kuwa ba abin da zai gani.

"Malam, don Allah a ɗaga mini hawa biyu daga tsakiyar nan."

"Yallaɓai, ai shekaranjiya muka jera su a gabana."

"Na yarda da kai, Malam. Amma abin da na gani da idona kaɗai zan iya rubutawa."

Ana wannan magana a kusan kowane sito, kuma a nan ake gane gwani. Sabon shiga yakan ji nauyin dattijo, ya dubi leburorin da suka gaji, ya ce a bar shi. Wani kuma ya zo da tsawa, kowa ya ɗaure fuska, ya wuni ba wanda ya gaya masa komai. Gwani yana girmama mai sito, yana yi wa leburori sannu, amma ba ya sauka daga tsanin nan sai an ɗaga buhunan.

Daga nan sai sikeli. Shi ke zaɓar buhu da kansa, daga lungu, daga ƙasan jibgi, ba wanda aka miƙo masa ba. Buhun da aka rubuta kilo 100 ya zo 96. Ba nan take yake kiran sata ba, domin hatsin da aka saya da sauran danshi a farkon kaka yana bushewa cikin hunturu, nauyinsa na raguwa. Sai dai raguwar bushewa takan bi buhuna kusan bai ɗaya, ta zarewa kuwa tsalle take yi, wannan cike wancan ya rame, ka duba bakinsa ka ga ɗinki sabo. Zai sa a soka ƙarfen nan mai rami da 'yan hatsi ke ɗebo samfuri da shi, a sama da tsakiya da gindin buhu, a ga riɗi ne har ƙasa ko an cakuɗa da yashi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya wuce ta wurin wani tsibin abinci, ya cusa hannunsa ciki ya ji jiƙa, ya tsawatar wa mai kayan a kan ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa.

Gwajin kansa hanya biyu ake yi. Zai ɗauki layi a takardar ƙidaya ya je ya nemo kayan a ƙasa, wannan shi ke kama abin da aka rubuta alhali babu shi. Sannan ya juya, ya tsaya gaban wani tari a ƙasa ya nemi layinsa a takarda, wannan kuma shi ke kama abin da ke nan amma ba a rubuta ba, ko don a rage haraji, ko don wani na jiran a manta da kayan ya fitar da su da dare. Idan ya sami kuskure, gyara layin kaɗai bai wadatar da shi ba. Zai tambayi su waye suka ƙirga wannan tarin, sauran wane ɓangare suka ƙirga, ya faɗaɗa gwaji a can, in ta kama ya ce a sake ƙirga ɓangaren gaba ɗaya. Idan kamfani na da sito a Shabu da wani a Doma, zai so a ƙirga su rana ɗaya, lokaci ɗaya, domin tirela ɗaya cikin dare ta isa ta sa a ƙirga buhu ɗaya sau biyu.

Sai batun motar da ke bakin ƙofa da yammacin 31 ga Disamba, an loda rabi. Kayan nan na bana ne ko na baɗi? Odita zai rubuta lambar takardar karɓar kaya ta ƙarshe da lambar takardar fitarwa ta ƙarshe, ya tafi da su. A Fabrairu, a ofis, zai bi waɗannan lambobi biyu cikin littafi. Duk abin da ya fita kafin lambar nan dole ya kasance cikin cinikin shekarar, kuma kada a gan shi a ƙidaya. Duk abin da ya shigo aka ƙirga shi, dole kuɗinsa ko bashinsa ya shiga littafin shekarar. Kaya a ƙidaya, bashinsu a Janairu, riba ce ta ƙarya ko da kowane buhu yana nan.

A ƙasarmu ajiya ta yi yawa, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba mai bincike wuya a wuri irin Shabu. Manomi ya kawo buhu talatin ya ce a riƙe masa sai farashi ya tashi. Ɗan kasuwa daga Kano ya biya kuɗin riɗi bai aiko mota ba. Wani tarin kuma jinginar banki ne. Duk suna ƙarƙashin rufi ɗaya, buhu iri ɗaya, kuma buhu ba ya faɗin mai shi. Dole a ware su, a yi musu alama, odita ya ga takardar da ke bayan kowanne. Haka nan kamfani na iya samun shanshera a hannun mai injin casa a cikin Lafiya. A nan odita zai rubuta wa mai injin kai tsaye, amsa ta dawo hannunsa ba ta hannun kamfani ba, idan kuma kayan na da yawa ya je da kansa. Masu tankin mai suna da nasu darasin tun 1963, lokacin da Tino De Angelis ya cika tankunansa a Bayonne ta jihar New Jersey da ruwa, ya bar man girki na yawo a sama. Masu dubawa suna tsoma ma'auni daga sama suna ganin mai, wani reshen American Express na ba da takardar shaidar ajiya, bankuna na ba da bashi a kanta. Shi ya sa mai duba tankin man gyaɗa ko dizal ke neman samfuri daga ƙasan tanki.

Adadi ya tabbata, saura daraja. Ƙa'idar IAS 2, cikin ƙa'idojin duniya da Nijeriya ta fara aiki da su daga 2012, ta ce a rubuta kaya a kan wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin kuɗin da aka kashe a kansu da abin da za a samu idan an sayar, bayan cire ɗawainiyar sayarwa. Ɗan kasuwar da ke zama duk shekara ya kimanta hajarsa don fitar da zakka ya san irin wannan zaman, sai dai shi da farashin kasuwar ranar yake yi. Don haka yana bin buhuna idon odita na kan lafiyarsu: simintin da ya daskare, takin zamanin da ya sha danshi ya dunƙule, maganin feshin da wa'adinsa ya wuce, waken da ƙwari suka huda, kwalayen da ƙura ta lulluɓe a lungu. Kaurin ƙura ma shaida ne cewa kaya sun daɗe ba mai nema. Daga baya zai duba rasidan Janairu da Fabrairu ya ga nawa aka sayar da su a zahiri.

Duk wannan rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne fayil, kuma a ganina nan ne sana'ar ta fi nuna mutuncinta. Ƙa'idar ISA 230 ta kafa ma'auni guda: a rubuta aiki yadda wani ƙwararren odita da bai taɓa jin labarin kamfanin ba zai ɗauki fayil ya gane abin da aka yi, yaushe aka yi, kan abu nawa, me aka samu, da dalilin hukuncin da aka yanke. Dubi bambancin waɗannan rubutu biyu. Na farko ya ce, "An duba masara, komai daidai." Na biyu ya ce, "Sito na biyu, jibgi na 7, takarda mai lamba 142, farar masara. Masu ƙidaya sun rubuta 2,400, na sake ƙirgawa na sami 2,388. Hawan sama bai cika ba da buhu 12, an gyara a gabana. Na sa an ɗaga hawa biyu a tsakiya, babu rami. Na ƙara gwada jibgi uku na waɗannan mutum biyun, sun yi daidai." Sai suna da kwanan wata. Mai yiwuwa dukansu sun yi aiki iri ɗaya, amma na biyu kaɗai ke da shaida.

Wanda ke duba fayil a sama, manaja ko babban odita mai sa hannu, bai je Shabu ba. Takarda kawai ke gabansa, kuma karatunta gwaninta ce mai zaman kanta. Zai tambaya ta yaya aka zaɓi tarin da aka gwada, me ya sa tari 25 ba 60 ba. Zai ɗauko jerin kaya na ƙarshe da kamfani ya shigar a asusu ya gwama da hotunan takardun ƙidaya, ya ga ko 2,388 ɗin nan ne ya isa littafi ko 2,400 ya dawo ta bayan gida. Zai nemi alamar tambayar da oditan da ya je sito ya sa a gefen shafi ranar ƙidaya, ya ga an amsa ta ko an wuce. Idan an rubuta cewa sitokifa ya yi bayani, zai tambayi wace takarda ta goyi bayan bayanin. Idan akwai shaidar da ta saɓa wa hukuncin ƙarshe, ba a yarda a zare ta ba, dole ta zauna a fayil tare da bayanin yadda aka warware ta. Hoton waya na taimakawa ƙwarai, amma hoton buhuna da ba a rubuta wane sito ne, wane jibgi, wace rana ba, kusan ba abin da yake tabbatarwa. Mai dubawar ma sai ya sa sunansa da ranar da ya duba. Bayan an sa hannu a rahoto, galibi kwana 60 ake da su a harhaɗa fayil a rufe, a ajiye shi aƙalla shekara biyar, ba a goge komai, duk ƙarin da aka yi daga baya sai an rubuta wa ya yi, yaushe, don me.

Wanda ke ganin wannan tsanani ya yi yawa ya tuna da Cadbury Nigeria. A 2006 aka gano an yi shekaru ana kumbura asusun kamfanin da kusan naira biliyan 13, kuma hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta lissafa takardun shaidar kaya na ƙarya cikin hanyoyin da aka bi. A 2008 ta ci kamfanin binciken Akintola Williams Deloitte tarar naira miliyan 20. A irin wannan rana ba a tambayar odita abin da ya tuna, fayil ake cewa ya kawo.

Akwai kuma jarunta a cikin aikin da ba a cika faɗa ba. Kamfanin da ake bincika shi ke biyan odita. Idan aka hana shi shiga wani sito, ko takardun ƙidaya suka ɓace, ko aka ƙi rage kuɗin kayan da suka lalace, yana da damar rubuta togaciya a rahotonsa, ko ma ya ce ba zai iya ba da ra'ayi ba, ya kuma san wataƙila baɗi ba za a kira shi ba. Masu yin haka suna nan, kuma saboda su ne sa hannun odita ke da daraja a banki.

Dokar kamfanoni ta 2020 ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni wajibcin naɗa odita, don haka yawancin masu sito a Shabu da kewaye ba za su taɓa ganinsa a ƙofarsu ba. Amma hanyarsa ba a kulle take ba, kuma alli da biro da littafi mai lamba ba su da tsada. Ina kira ga ƙungiyoyin manoma masu tara amfanin mambobi, da duk Alhajin da ya bar sito a hannun yara, su ware rana guda a ƙarshen shekara su rufe ƙofa, mutum biyu su ƙirga, a ware kayan ajiya gefe, a adana takardun. Wanda kuma odita ya zo masa ya ce a ɗaga buhu, ya ba shi tsani da leburori.